Kusurwa Uku, Fenariti

Tsoron ya shige ni ne lokacin da na hango hannun Baba na hagu. Ina zaune a layin ƙasa, dab da wayar da ta raba 'yan kallo da fili, shi kuma yana tsaye a bakin yadi na sha takwas, cikin baƙar rigar alƙalanci da ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya mayar da hannun baya, ya lanƙwashe yatsu biyu. A cikin dubban mutanen da suka cika filin nan, ni kaɗai na san ma'anar yatsun. Baba yana ƙirga bugun kusurwa.

Na ce a raina, a'a, sabo ne kawai, hannun ne ke yin abinsa, shi ai ya san inda yake. Ban rufe wannan tunani ba sai wani ɗan wasan baƙi ya sheƙo da ƙwallo ta gefe, ya bugo, ta daki ƙafar ɗan bayanmu ta fita ta bayan raga. Yatsa na uku ya kwanta. Na ji usur. Na ga Baba ya miƙe hannun dama yana nuna farin ɗigon fenariti, yana tafiya da wannan takun nasa na mutumin da bai taɓa shakkar kansa ba.

Filin ya yi tsit. Mutumin da ke kusa da ni, wani mai ƙaton tumbi da ganga a hammata, ya juyo ya dube ni.

"Ɗan'uwa, me ya gani?"

Na ce, "Wataƙila hannu."

"Hannun wa? Hannun ubansa?"

Wannan usur ɗin ne ya sa yanzu ake shawarar ko za a hana Baba alƙalancin ƙwallo har ƙarshen rayuwarsa. Wanda bai san shi ba zai ce to sai me, tsoho ya huta mana. Shi ya sa nake so in fara da faɗin ko wane ne shi.

Baba mai gyaran fanka ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai aski da mai kemis, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Fankoki ne jere a ƙasa, wasu ba kai, wasu ba ƙafa, ga dutsen guga a rataye da wayoyinsu, ga gwangwanayen madara cike da ƙusoshi, ga warin dalma da ya kama bango har ya kama rigunansa. Mutum ne marar magana. A gida Mama ce ke yanke komai, daga launin labule har makarantar da na yi, shi nasa "to, hakan ma ya yi". In mai kaya ya yi masa tsawa a shago, sai ya ba shi haƙuri ko da shi ne da gaskiya.

Amma ranar Asabar da yamma wani mutum ne daban. Zai rufe shago, ya sa gajeren wando da doguwar safa, ya rataya usur, ya nufi filin da ke bayan makarantar firamare. A can babu mai ɗaga masa murya. Yana da takardar alƙalanci ta gaske, tana nan cikin gilashi a bangon shago. Ya same ta tun yana saurayi, ya ɗan hura wasanni a ƙaramar gasa, da aka haife ni tafiye-tafiyen suka gagara, sai ya tsaya a gasar unguwa. Duk shekara yana zuwa ya sabunta takardar, ya yi gudun gwaji tare da yara sa'annin ɗansa.

Ni kaina ya taɓa ba ni jan kati ina ɗan firamare. Na yi kuka tun daga fili har gida, yana biye da ni a baya, riƙe da takalmana. Ya ba ɗan mai gidan da muke haya jan kati, Mama ta yi sati tana gaishe da matar mai gida da murya biyu. A unguwarmu in gardama ta yi zafi, ko ba ta ƙwallo ba ce, sai ka ji an ce a kira Rafali.

Sai dai filin namu yana da nakasa. Kusurwa ɗaya taransifoma ce ta zauna a kai. Ta biyu lambatu ne. Ta uku katangar masu yankan katako ta cinye ta, ta huɗu kuma wani makanike ya ajiye mataccen bas a wurin tun kafin in yi wayo. An ce an taɓa gwada bugun kusurwa ta wajen lambatun, mai bugun ya ja da baya don ya ɗauko gudu, da aka ciro shi sai da aka wanke shi kafin ƙungiyarsa ta yarda nata ne. Tun daga nan aka bi dokar da yara ke bi a kowane lungu: ba a buga kusurwa, ana tarawa ne, in ta kai uku a ba da fenariti. Ba Baba ya ƙirƙiro ta ba, amma ya fi shekara ashirin yana tsaron ta da yatsun hannunsa na hagu.

Ana nan sai manyan alƙalan wasa na ƙasa suka tafi yajin aiki. Suka ce sun gaji da shan duka a hannun 'yan kallo, ba za su ƙara hura usur ba sai an ba su tsaro. Hukumar ƙwallo ta rantse babbar gasa ba za ta tsaya ba, ta shiga neman duk wanda ke da takarda. Wayar ta sami Baba yana cikin naɗa wayar wata fanka. Ya dawo gida yana ta gyaran murya, ya kasa zama.

Mama ta ce, "Tsaya in gane. Waɗanda suka fi ka tsoka sun gudu saboda duka, kai kuma za ka kai kanka?"

"Wasa ɗaya ne."

"Dukan ma ai ɗaya ne, in ya yi kyau."

A karo na farko a sanina, Baba bai ce hakan ma ya yi ba. Ya ce zai je. Ni kuwa ina gida, na gama jami'a ina jiran aiki, sai na mai da kaina malaminsa. Na sauko da sababbin dokoki a waya, kullum da yamma ina yi masa tambayoyi a shago yana amsawa, bai faɗi ko ɗaya ba. Mun bi satar gida, mun bi taɓa hannu, mun bi canjin 'yan wasa. Maganar kusurwa uku ba ta taso ba, don ba ta cikin littafin da za a ce a cire ta.

Wasan da aka ba shi na ƙungiyar garinmu ne da wasu baƙi da ba ma ga maciji da su. A lokacin da ba yajin aiki, ba za a taɓa ba ɗan gari wasan garinsu ba, amma hukumar ba ta da zaɓi. Masu ɗaga masa tuta su ma 'yan cike gurbi ne. Ɗaya tsohon jami'in ba da hannu ne a titi, daga wani gari. Ɗayan malamin motsa jiki ne wanda, don ƙaddara, a filinmu ya girma. Saboda haka da Baba ya nuna ɗigon fenariti, maimakon malamin ya ruga ya raɗa masa cewa ya dawo hayyacinsa, sai ƙafafunsa suka kai shi inda mai tuta ke tsayawa in za a buga fenariti. Shi ma yana ƙirgawa.

'Yan wasanmu suka yi wa Baba zobe. Daga baya kyaftin ɗinmu ya faɗa a rediyo cewa ya tambaye shi cikin ladabi, "Rafali, me muka yi?" Baba ya ɗaga masa yatsu ya ce, "Uku ke nan, ɗana. Ja da baya." Kyaftin ɗin baƙi kuwa bai tambayi kowa komai ba. Ya sunkuci ƙwallo ya dasa, ya buga, ta shiga.

Baba ya gaya mini cewa a daidai lokacin da ragar ta motsa ne idonsa ya kai kusurwar filin. Ya ga 'yar tuta tana kaɗawa, ga ciyawa shar, babu taransifoma, babu bas. Amma an riga an buga.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci labari ya zaga filin, don akwai 'yan unguwarmu a ciki, su suka yi wa jama'a fassara. Mai ganga ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

"Dokar lungu! Dokar lungu ya kawo mana babbar gasa! Wa ya haifi wannan? Wa ya aure shi?" Ya bi dangin Baba ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kaina. "Allah ya sa 'ya'yansa su yi ta yawo da takardu ba su sami aiki ba!" Ya juyo yana kallona, yana jira.

Na ce amin, a hankali.

Da aka dawo, sai na lura da wani sabon abu. Kocinmu tsohon ɗan duniya ne. Ya hana yaransa neman raga, ya sa su neman kusurwa. Sai ka ga ɗan gaba ya kai bakin layi, ga abokinsa a buɗe yana ta ɗaga hannu, amma ya auna ƙaurin ɗan bayan baƙi ya daka masa ƙwallo. Su kuma baƙin suka gane, suka koma tsalle suna kauce wa ƙwallo kamar wuta. Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba, masu tsaron gida suna gudun ƙwallo, masu kai hari suna bin su da ita. Muna da kusurwa ɗaya tun farko. Da ta biyu ta samu, filin gaba ɗaya ya amsa, "Biyu!" Da ta uku ta fita, na ji simintin da nake zaune a kai yana rawa.

"Uku! Uku! Fenariti!"

Baba ya tsaya cak. Yanzu ya san dokar ba ta nan ba ce. Tsohon jami'in titi yana can gefe yana ta girgiza masa kai, yana kaɗa tuta kamar mai hana tirela shiga kasuwa. Na haɗa hannuwa ina cewa, Baba kusurwa, don Allah Baba nuna kusurwa. Ya dubi baƙi, ya dubi namu, ya sa usur a baki, ya nuna ɗigon.

Mai ganga ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. "Na janye! Wallahi na janye! Allah ya ba 'ya'yansa aiki a banki! Ce amin, ɗan'uwa!" Wannan amin ɗin na faɗe ta da ƙarfi.

Ɗan gabanmu ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya yi wata 'yar rangwaɗa, ya narka ta can saman 'yan kallo. Mai ganga ya zauna a hankali. Sannan ya ce, "Addu'ar farko ta dawo."

Haka aka tashi, ɗaya da nema. Ledojin ruwa da takalma suka fara sauka. Motar 'yan sanda ce ta kawo Baba gida, yana kwance a baya tsakanin garkuwoyi. Mama ta duba shi sama da ƙasa, ta ga ba abin da ya karye, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, mai wasa ɗaya."

Washegari hoton bidiyon yana cikin kowace waya. An sa masa kiɗa, an maimaita wurin yatsun a hankali. A shirin wasanni na rediyo mutane suka yi ta bugo waya, na rufe kaina a ɗaki ina saurare, duk wanda ya ce "na san shagonsa" sai in rage ƙarar rediyon. Jama'a suka rabu. Wasu suka ce ɓarawo ne, baƙi sun saye shi. Wasu suka ce a tarihin gasar nan ba a taɓa alƙalin da ya cuci ɓangare biyu daidai wa daida ba, a ba shi lambar yabo. Wani dattijo ya bugo ya ce shi dai ya ji daɗin wasan, a mayar da dokar ta ƙasa baki ɗaya, aka kashe masa waya.

Shago kuwa ya zama wurin kallo. Mutane suka riƙa kawo fankoki masu lafiya don dai su gan shi. Zai jona, fanka ta juya, ya ce lafiyarta ƙalau, mai ita ya ce, "To dama. Amma Rafali, tsakaninka da Allah, me ya sa?" Mai aski ya fito da benci waje, ya ce duk mai son kallo ya zauna a yi masa aski, kallon kyauta ne. Yaran makaranta in sun hango Baba sai su haɗa baki, "Ɗaya! Biyu!" su yi shiru, sai ya waiwayo su ce "Uku!" su watse. Wani ya zo ya rubuta ƙaton 3 da jan fenti a ƙofar shagon. Na ce mu kai ƙara. Baba ya ja da baya ya duba, ya ce mai rubutun yana da hannu.

Wanda ya fi kowa ɗaukar zafi Kawu ne, ƙanin Mama, direban motar ɗaukar kaya, wanda ya yi wa motarsa fenti da launin ƙungiyarmu. Ya zo gida ya zauna a falo, ya juya wa Baba ƙeya.

"Yaya, ki gaya wa mijinki ya kashe mu."

Baba ya ce, "Ki tambaye shi, ni na buga ƙwallon sama?"

"Ki gaya masa da bai ba mu fenaritin ba, da yaron bai ɓarar ba!"

"Ki ce masa na ji muryarsa a cikin masu cewa uku."

Mama ta ce, "Ni ba tangaraho ba ce. Ga ku ga juna, kujera ɗaya ce tsakaninku."

Ana cikin haka sai ga wata a-kori-kura ta shigo layinmu da rana tsaka, tana ta hon. A bayanta sabon firiji ne, dogo, an ɗaura masa kyalle mai launin baƙi. Ƙungiyar magoya bayansu ce ta aiko, wai alamar godiya. Kafin mu fito sun sauke shi a ƙofar gida sun tafi. Maƙwabta suka fito, wayoyi suka tashi sama. Ni dai na jingina da bango, don na riga na ga hoton a gaban kwamitin ladabtarwa: ga alƙali, ga firiji.

Mama ta daɗe tana son firiji. Namu ya mutu tuntuni, Baba yana ta cewa zai duba shi. Ta ɗora tafin hannunta a jikin sabon, tana shafawa kamar goshin jariri.

Baba ya ce, "Ba zai shiga gidan nan ba."

"Ai ban ce ya shiga ba. Ko a zaure ne..."

"Ko inuwar gidan nan ban yarda ya sha ba."

Ya juya wajen Kawu, ya manta ba sa magana, ya ce ya taimaka ya mayar musu. Kawu ya ce wa Mama ta gaya masa motarsa ba ta ɗaukar kayan maƙiya. Can sai fuskarsa ta washe, ya tambaya ko an yarda ya sauke shi a ƙofar ofishinsu ya faɗa musu duk abin da ke ransa. Baba ya ce wannan tsakaninsa da su. Kafin a ɗora, Mama ta ce a bari ta buɗe sau ɗaya ta ga cikinsa. Ta buɗe, ta ƙirga ɗakunan, ta rufe, ta shige gida ba ta waiwayo ba.

Sammacin kwamiti ya zo a satin. Na zauna na kalli bidiyon har idona ya yi ja, na gano mafita. A harin da ya jawo kusurwa ta uku, akwai inda hannun ɗan bayanmu ya ɗan buɗe. A wanda ya jawo fenariti na biyu kuma akwai 'yar turereniya. Na je shago na shimfiɗa wa Baba tsarin: ya ce hannu ya gani a na farko, turi a na biyu, yatsun kuma ciwon jijiya ne. Alƙali yana da ikon ganin abin da ya gani, iyaka a ce ya yi tsauri. Na yi bayani kamar ina gaban malaman jami'a, da misalai. Yana ta liƙa waya da dalma, bai ɗago ba.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"Miƙo min filaya."

Ranar zaman na raka shi. A barandar ofishin muka haɗu da shugaban alƙalan da suka yi yajin aiki, wani dogo mai ƙamshin turare. Ya kama hannun Baba da hannu biyu. Ya ce albarkacin wasan nan hukuma ta kira su da kanta, ta amince da duk abin da suka nema, har sun koma aiki. "Abin da muka yi wata muna nema, kai ka yi mana shi da yatsa uku. Allah ya saka. Amma in mun shiga ciki zan nemi a kore ka, kada ka ji haushi, aiki ne." Baba ya ce ba komai.

Ɗakin dogon tebur ne da kujerun roba, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin bokiti. Mutum uku ne a kwamitin: shugaba mai tabarau, wata lauya, da wani tsohon alƙalin wasa da ke ta gyangyaɗi. Aka bar ni na zauna a baya da sharaɗin ba zan yi tari ba. Aka kunna bidiyon, aka kashe. Shugaban ya tambayi Baba laifin da ya gani kafin fenaritin farko. Na ƙura wa ƙeyarsa ido ina aika masa da kalmar hannu.

"Ban ga laifi ba, ranka ya daɗe. Kusurwa uku na gani."

Ya ba su labarin filinmu, da taransifoma, da lambatu, da bas. Tsohon alƙalin ya farka, ya ce, "Mu a namu filin rijiya ce a kusurwar..." Shugaban ya dube shi ta saman tabarau, ya koma barcinsa.

Lauyar ta ce, "Malam, na farko mun ji, mantuwa ce. Na biyun fa? A lokacin ka tuna ko ba ka tuna ba?"

"Na tuna."

"Wato da gangan ka yi."

"Na farko kuskure ne, Hajiya. Na biyu ba kuskure ba ne."

Na ji kamar kujerar robar ta narke da ni. Ya ci gaba da cewa shi ya shigo da dokar cikin wasan, ba yaran ba. Tunda ya auna wa baƙi da ita, ba shi da fuskar da zai canza ma'auni in an zo kan 'yan gida, kuma da 'yan gida ya fara ba, haka zai yi wa baƙi. Shugaban ya ce littafin doka bai san wannan ba. Baba ya ce ya sani, ya karanta, ɗansa ma ya yi masa bita. Duk suka waiwayo suka dube ni.

Aka tambaye shi firiji, ya ce yana ƙofar ofishin masu shi, da shaidu, don surukinsa ya tara jama'a a wurin. Aka tambaye shi ko yana da abin cewa na ƙarshe. Ya miƙe tsaye, ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Babbar gasa taku ce, ku riƙe abarku, ba zan ƙara ba. Filin bayan makaranta kawai nake roƙo."

Lauyar ta ce gasar unguwa ma a ƙarƙashin hukuma take, in an hana mutum an hana shi ne duka, ba a yanka hukunci gida biyu. Shugaban ya ce za su tattauna, za a kira shi a waya. Kafin nan kada ya kuskura ya hura usur ko a bikin suna.

Muka kama hanyar dawowa, har muka kusa gida. Ya ce, "Fankar silin ɗinsu tana gab da faɗowa." Shi ke nan abin da ya ce.

Asabar ta zo, ga wasan unguwa, ba alƙali. Matasa suka taru a ƙofar shago, Baba ya ce an hana shi. Kawu yana wurin, ya ce wa mai aski ya gaya wa mutanen nan alƙalanci ba wani abu ba ne, ido ne da gaskiya, shi zai hura. Ya sayi usur ɗin roba a kantin kayan yara. Baba ya ɗauki benci ya zauna kusa da mataccen bas, cikin doguwar riga, ya zura hannuwa a aljihu.

Ba a daɗe da farawa ba Kawu ya ba da jifa ga waɗanda suka fitar da ƙwallo. Ya kori wani yaro, aka gaya masa ɗan kallo ne ya shigo ɗaukar takalminsa. Wata mata ta leƙo ta katanga ta tambaye shi ko da ido ya zo ko ya bar su a mota. Aka fara kiran sunan Mama a cikin zagin, tunda ita ce yayarsa. Sai ga shi ya ratso fili, gumi har cikin kunne, ya tsaya a gaban Baba, ya yi masa magana kai tsaye a karo na farko tun ranar wasan.

"Yaya, don girman Allah, kusurwa nawa ke nan?"

Baba ya ce, "An hana ni."

"Ba hurawa za ka yi ba, faɗa kawai za ka yi!"

"Ba su ce ban da faɗa ba, ba su kuma ce da faɗa ba. Koma, suna jiran ka."

Wasan bai ƙare ba, an tashi ne kawai. Baba ya zauna har kowa ya watse, sannan ya ɗauki bencin mai aski ya mayar masa.

Tun daga ranar ban ƙara kallon ƙwallo ba, ko a talabijin. In na ji usur, ko na ɗan sandan titi ne, sai in waiwaya. Kullum da safe nakan bi Baba shago, in zauna a kan wata fanka marar kai, wai ina taya shi aiki. Wayarsa tana kan tebur kusa da gwangwanin ƙusoshi, ya ƙure mata ƙara, ya hana kowa jona caji a soket ɗin sai ita. In ta yi ƙara mu biyu muke zabura. Jiya wata mata ce ke tambayar dutsen gugarta. An ce kwamitin ya zauna, an kuma ce an ɗage zaman. Wata Asabar ɗin tana tafe, kuma har yanzu ba su kira ba.